Me ya kai sojoji wasan keken ƙanƙara?

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa ake yawan ganin sojoji a bobsleigh, wato wasan da mutum biyu ko huɗu ke tura keke a kan ƙanƙara, su daka tsalle su shige, ya gangara da su da gudun da ya wuce kilomita 130 a awa.

Babban dalili kuɗi ne. Wasan yana cin kuɗi, kuma ba ya ciyar da mai yinsa. Shi ya sa a Jamus rundunar soja ke ɗaukar 'yan wasa aiki, tana biyansu albashi, su kuma su duƙufa ga atisaye. Bajamushen direban keke André Lange soja ne, kuma zinare huɗu ya ci a Olamfik tsakanin 2002 da 2010.

Sai kuma ƙarfin jiki da dakiya. Turin farko na kusan mita 50 yakan raba gardama, yana buƙatar ƙaƙƙarfan mutum mai gudu, wanda zai dunƙule a bayan direba, kansa a sunkuye, ba ya ganin hanya, ya amince da shi.

Wanda ya fi taɓa mini zuciya shi ne labarin Jamaika, ƙasar da ba ta san dusar ƙanƙara ba. Da za su je gasar Olamfik ta hunturu a birnin Calgary na Kanada a 1988, barikin soja aka nufa neman 'yan wasa. Direbansu Dudley Stokes matuƙin helikwaftan soja ne, Devon Harris kuma laftana. Kekensu ya kife a gasar mutum huɗu, suka tashi suka taka da ƙafa har ƙarshen layi.