Ka kashe kyamarar nan tukuna

Salamu alaikum. Ɗan'uwa, kai da ka ce kana son yin fim a kan Baba da yaƙin basasa, amma da ka kunna kyamara sai ya kama zancen tsadar taki, har kana tambaya ko ka matsa masa: wallahi sau uku na karanta, jikina ya yi sanyi. Kar ka matsa. Ni na matsa, har yau abin yana cina.

Da yawanku kun san uwargidana Bayahudiya ce 'yar Faransa. A 2016 na ɗauki kyamara zan yi fim a kan kakarta. Kakar shekararta 9 a 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da Jamus ta mamaye Faransa, suna zaune a unguwar Belleville a Paris. Ran 16 da 17 ga Yuli 'yan sandan Faransa, ba ma Jamusawa ba, suka kwashe Yahudawa sama da 13,000, yara a ciki sun haura 4,000. Ita a ɗakin maƙwabciya ta kwana, shi ya sa ta tsira. Aka tafi da mahaifiyarta da ƙanenta Vél d'Hiv, wani rufaffen filin tseren keke, daga nan sansanin Pithiviers. A can aka raba uwaye da 'ya'yansu, aka fara tura uwayen Auschwitz, sansanin da Jamusawa ke hallaka Yahudawa, yaran suka bi baya bayan 'yan makonni, ta sansanin Drancy.

Duk wannan a littafi na karanta, ba daga bakinta ba. Ita dai ta dafa min shayi, ina tsokanarta da "amaryata" irin wasanmu na kaka da jika, tana dariya har da tari. Da na ce "Kaka, 1942 fa?" sai ta tambaye ni ko na ƙoshi.

Sai Allah Ya haɗa ni da wani furodusa. Ba zan kama suna ba, amma na bar shi da Allah. Ya kalli awa shida da na ɗauka, ya ce wannan ba fim ba ne, tsohuwa ce ke shan shayi, kuma masu ba da kuɗi hawaye suke so su gani. Ya kafa min hujja da fim ɗin Shoah na Claude Lanzmann, kan kisan kiyashin Yahudawa, na 1985, mai sama da awa tara, wurin da mai askin nan Abraham Bomba, wanda aka sa shi aske gashin mata a sansanin kisa na Treblinka, ya kasa ci gaba da magana, Lanzmann ya yi ta matsa masa har ya ƙarasa. Abin da bai faɗa min ba, Bomba ya riga ya amince zai ba da shaida. Kuma Lanzmann ba surukinsa ba ne, ba zai dawo cin abinci gidansa ran Juma'a ba.

Na koma, na kafa fitilu biyu a ɗan kicin ɗinta, na maƙala mata makirfo a wuya. Na ce, "Me ya sa ke kika kwana gidan maƙwabciya, shi bai kwana ba?" Ɗan'uwa, tambayar da ta shekara 74 tana yi wa kanta kenan, ni kuma na jefa mata ita kamar ɗan sanda. Ta dube ni. Ta ɗauki tsumman goge kwano, ta ninke, ta warware, ta sake ninkewa. Hawaye na zuba, ba sauti. Minti goma sha ɗaya ban kashe kyamara ba, har a raina ina cewa na samu. Daga ranar ba ta ƙara amsa "amaryata" ba. Wata bakwai tsakani ta rasu.

Shi kuwa mutumin ya yanko wurin, ya sa kiɗan goge mai ban tausayi a ƙasa, ya aika wa masu kuɗi ba da sanina ba. Kawun matata ya gani. Ka san kunyar da na sha? Ashe takardar da na sa wa hannu ta ba shi iko da duk abin da na ɗauka. Sai da lauya ya shiga. Don Allah kar ka sa hannu a komai sai wani ya karanta maka, kuma ka ajiye kwafi biyu a wurare daban.

Kwanan wata da sunan bataliya ba aikin Baba ba ne, je ka Gidan Arewa a Kaduna ko ka nemi tsofaffin jaridun Gaskiya Ta Fi Kwabo. Ka zauna da Gwaggo da su Inna, su ne suka san yadda ya dawo gida a 1970, ko yana barci, ko yana firgita. In ya kama zancen taki, ka ɗauka, ka bi shi gona ma. Fitilun nan kuma ka bar su gida.

Abin da ya rage min mai amfani murya ce a waya, na sanar da ita na ajiye a kan tebur tana feraye dankali. Da kanta ta ba ni labarin yadda ta ɗinka tauraron nan rawaya da aka tilasta wa Yahudawa sawa a rigarta a karkace, mahaifiyarta ta tsefe ta sake ɗinkawa tana faɗa. Minti huɗu ne. Sai hoton yatsanta a bangon sunaye na Mémorial de la Shoah, gidan tunawa da kisan Yahudawa a Paris, cikin sunayen mutum kusan 76,000 da aka kwashe daga Faransa, a kan na ƙanenta.

Fim ɗin dai ban gama ba. A gaida Baba, Allah Ya ƙara masa lafiya.