Tambayi Makaniki: Motata Tana Zafi a Cunkoso

Tambaya: Assalamu alaikum. Corolla ce gare ni. A hanyar Kano zuwa Zariya allurar zafi tana zaune a tsakiya lafiya lau, amma da na shiga cunkoson cikin gari sai ta fara hawa. Makanikina ya ce a cire tamostat, a haɗa fanka kai tsaye. In yarda? (Mai karatu daga Kano)

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, dakata tukuna, wannan alamar ta fanka ce. Famfon ruwa ne ke zagaya ruwa cikin injin, ruwan ya kwashi zafi ya fito ta tiyon sama zuwa lagireto, iska ta huce shi a cikin siraran bututu, ya koma ta tiyon ƙasa. A babbar hanya gudu ke kawo iskar. A cunkoso kuwa sai fanka, wadda ke aiki da lantarki, kwamfutar mota ce ke tayar da ita idan ruwa ya kai wajen digiri 95.

Ka tsaya, ka buɗe bonet, injin na aiki, ka kunna esi. Ya kamata fanka ta tashi nan take. In ta yi shiru, a fara da fiyus, shi ne mafi araha. In lafiyarsa ƙalau, a musanya rile na fanka, wato makunnin da ke ba ta wuta, da wani irinsa sak daga cikin akwatin fiyus. Har yanzu shiru? A zare soket ɗinta, a ba ta wuta kai tsaye daga batir. In ta juya da ƙarfi, matsalar tana ga waya ko na'urar auna zafi. In tana jan jiki kamar mai jin barci, injin lantarkin da ke juya fankar ne ya gaji. A kula da yatsu da hannun riga, don fankar nan ba ta sallama kafin ta tashi.

Tamostat kuma ƙofa ce da ke tsare ruwa a cikin injin har ya ɗumama, ta fara buɗewa a wajen digiri 82. In an cire ta, da sanyin hunturu injin ba zai kai zafinsa da wuri ba, kwamfuta ta yi ta ƙara fetur, ƙarafa su yi ta cin juna. Fanka kai tsaye ita ma kashe kanta take yi da aikin banza. Mai zargin tamostat ya jefa ta cikin tukunyar ruwa a kan wuta: lafiyayya za ta buɗe baki kafin ruwan ya tafasa.

Tambaya: Kullum sai na ƙara ruwa a lagireto, amma ban ga yoyo a ƙasa ba. (Wata mai karatu daga Maraɗi)

Amsa: Hajiya, a duba murfin lagireto da farko. Shi ke danne ruwa don kada ya tafasa sai wajen digiri 120, kuma in robarsa ta tsage ruwa zai riƙa tserewa a matsayin tururi. A sayi sabon murfi mai lamba iri ɗaya da tsohon, galibi 0.9 ko 1.1. Idan kuwa salansa na fitar da farin hayaƙi mai kauri, ko baƙin mai ya koma kamar shayi da madara, ko kumfa na tasowa a bakin lagireto, gaskit ne ya ƙone, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan injin da gangar jikinsa, kada a ci gaba da tuƙi.

Ruwan rijiya da na burtsatse suna barin tsatsa da farin ɓawo da ke toshe bututu. A zuba kulan, wato ruwan sanyaya injin na musamman, in mai kauri ne a gauraya shi rabi da rabi da tataccen ruwa. Kuma kada ki taɓa murfin nan sai injin ya huce, aƙalla minti 30 bayan an kashe shi.