Hoton AI ko Hannun Mai Zane: Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina shirin buɗe ƙaramin kamfani, ina buƙatar tambari da fosta da zanen da za a buga a jikin kwali. Na gwada wata manhajar AI a waya, cikin daƙiƙa kaɗan ta fito min da hotunan da suka burge ni. To me zai sa in biya mai zane?

Amsa: Wa alaikumus salam. Hoton da ya burge ka a fuskar waya daban, fayil ɗin da madaba'a za ta karɓa daban, kuma aikin da ke tsakaninsu ake biyan mai zane.

Fara da sanin yadda hoton yake fitowa. Manhajoji irin su Midjourney da Stable Diffusion, waɗanda suka bazu a 2022, ba sa jan layi kamar mutum. An horar da su da ɗimbin hotuna masu ɗauke da bayani. Taskar LAION-5B da aka ɗebi hotunan horar da Stable Diffusion daga cikinta tana da hoto sama da biliyan 5. Idan ka rubuta umarni, manhajar tana farawa da ɗige-ɗige barkatai, irin na talabijin da ba ta kama tasha ba, sai ta riƙa tace su kaɗan-kaɗan, galibi sau 20 zuwa 50, har siffa ta bayyana. Abin da za ta miƙo maka shimfiɗa ɗaya ce: mutum da bango da inuwa da rubutu duk a manne.

Matsala ta farko girma ce. Da yawa daga cikin manhajojin nan suna ba da hoto mai fiksel 1024 a tsaye da kwance, wato ƙananan ɗigogin da suke haɗuwa su zama hoto. Bugu mai kyau na abin da za a riƙe a hannu yana son ɗigo 300 a kowane inci, wato hoton nan bai kai santimita 9 ba idan aka buga shi yadda ya kamata. Takardar A4 kuwa tana buƙatar fiksel 2480 da 3508. Akwai manhajojin ƙara girma, amma ba dawo da abin da ya ɓace suke yi ba, ƙirƙiro shi suke yi, shi ya sa suke jirkita idanu da ƙananan haruffa. Allon talla na bakin titi ya fi yafiya, tunda daga nesa ake kallon sa.

Tambari kuma bai kamata ya zama hoton fiksel ba sam. Ana yin sa ne a tsarin fekta, inda kwamfuta take ajiye layi da lanƙwasa a matsayin lissafi, a fayil irin SVG ko EPS ko PDF, don ya fita tas a kan biro da kuma jikin babbar mota. Manhajojin zane irin Illustrator da Inkscape suna iya bin sawun hoto su mayar da shi fekta, sai dai sukan bar ɗaruruwan gaɓoɓi marasa amfani da gefuna masu karkarwa, dole mutum ya zauna ya share. Kafin ka amince da kowane tambari, mayar da shi baƙi da fari, ka rage shi zuwa faɗin santimita 2. In bai karantu ba, bai yi ba.

Sai launi. Waya tana haɗa launi da haske a tsarin RGB, injin bugu kuma da tawada huɗu a tsarin CMYK. Shuɗi mai ƙyalli da kore shar da AI take yawan zubawa sukan dushe a takarda. Mai zane ya san ya sauya tsarin tun da wuri, ya bar rarar milimita 3 a kowane gefe saboda wuƙar yanka, ya kuma nemi a buga gwaji kafin a saki inji.

Amma babbar matsalar ita ce gyara. Ka ce a matsar da kwalbar hagu kaɗan, komai ya zauna yadda yake. Mai zane zai ja shimfiɗar kwalbar cikin minti ɗaya. Manhaja kuwa sau da yawa sabon hoto za ta haifo, fuska ta canza, haske ya koma wani gefe.

Don hoton sanarwa da zai yi kwana biyu a Facebook, AI ta wadatar, kada ka wahalar da aljihunka. Haka ma idan kana son nuna wa mai zane irin abin da ke ranka. Tambari da kwali kuwa, kai wa mai sana'a, ka kuma sa a yarjejeniya cewa zai ba ka fayil ɗin asali mai shimfiɗu, ba hoton ƙarshe kaɗai ba.

Tambaya: Malam, ina haɗa littafin yara mai shafi 24. Yarinyar labarin tana canza kama daga shafi zuwa shafi, rubutun cikin hoton ma yana fitowa a karkace. Ina mafita?

Amsa: Malama, manhajar ba ta san akwai wata yarinya ba, kowane hoto daga sabon ɗige-ɗige take faro shi. Abubuwa uku suna rage matsalar: ki riƙe lambar iri ɗaya, wato lambar da ke tsara ɗige-ɗigen farko, ki riƙa ba ta hoton yarinyar a matsayin madogara, ko a yi mata ƙaramin horo da ake kira LoRA da hotunan yarinyar kamar 15 zuwa 30 daga kusurwa daban-daban. Duk da haka sai kin bi shafi-shafi kina ƙirga yatsu, kina duba maɓallan riga da gefen da inuwa ta faɗa. Rubutu kuwa kada ki bar wa manhaja, musamman haruffa masu ƙugiya irin ɓ da ɗ da ƙ. Ki ce ta bar fili, ki sa rubutun da kanki a Canva ko InDesign.

Tambaya: Idan na samar da hoto da AI, nawa ne? Zan iya hana wani amfani da shi?

Amsa: Ya danganta da ƙasa. A Amurka, Ofishin Haƙƙin Mallaka ya tsaya a kan cewa sai abin da ɗan Adam ya ƙirƙira ake karewa. Jason Allen, wanda hotonsa na Midjourney ya ci gasa a bikin baje kolin jihar Kolorado a 2022, ya nemi rajista aka hana shi a 2023, duk da ya ce ya gyara umarninsa aƙalla sau 624. A shari'ar Stephen Thaler, kotu ta yanke a Agustan 2023 cewa aikin da na'ura ta yi ita kaɗai ba shi da kariya, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a Maris 2025. A Janairun 2025 ofishin ya bayyana cewa rubuta umarni kawai bai isa ba, amma gyaran da mutum ya yi da hannunsa, da yadda ya zaɓa ya tsara, suna iya samun kariya. A Sin kuwa, kotun intanet ta Beijin ta ba wani hoton AI kariya a Nuwamban 2023.

Ɗaya gefen shi ne ko hoton ya taka haƙƙin wani. Kamfanin sayar da hotuna Getty Images ya kai Stability AI, kamfanin da ya fitar da Stable Diffusion, kotu a 2023, Disney da Universal suka kai Midjourney a Yunin 2025. Saboda haka kada ka sa sunan mai zane mai rai ko wani sanannen ɗan katun a umarnin aikin kasuwanci. Karanta sharuɗɗan manhajar, don wasu ba sa yarda a sayar da abin da aka samar a tsarin kyauta. Kamfanin Adobe ya ce ya horar da manhajarsa ta AI mai suna Firefly da hotunan Adobe Stock da masu lasisi da waɗanda haƙƙinsu ya ƙare, shi ya sa kamfanoni masu gudun rigima suka fi karkata gare shi. In aikin wani kake yi, gaya masa a rubuce inda ka yi amfani da AI.

Tambaya: Malam, ɗalibi ne ni, shekara biyu ina koyon zane. In haƙura in nemi wata sana'a?

Amsa: A'a, ƙanina, amma ka san inda ƙasa ta zabtare. Ƙananan ayyuka masu arha, irin hoton cike gurbi a shafi da zanen gwaji na farko, su ne manhaja ta fi ci. Abin da ya rage shi ne aikin da ke son ido: sanin tsarin jikin mutum, nisa da kusa, inda haske ya fito, zaɓen haruffa, da fahimtar abin da mai aiki yake nufi ko da bai iya faɗa ba. Wanda bai koyi waɗannan ba ba zai ma gane cewa kafaɗar da ke hoton ta goce ba.

Ka koyi sarrafa manhajar da zanenka maimakon da kalmomi. Zana tsarin da hannu, ka saka shi ta ControlNet, wanda ya fito a 2023, don ta bi layukanka da tsayuwar da ka zaɓa. Inda ta ɓata, shafe wurin kaɗai ka ce ta cike, sannan ka kai Photoshop ko Krita ka raba shimfiɗu, ka ƙarasa da hannu. In a kwamfutarka za ka yi, SDXL, wani samfurin Stable Diffusion, yana son katin hoto, wato na'urar sarrafa hoto ta cikin kwamfuta, mai ƙwaƙwalwar gigabait 8 ko fiye. Tsohon Stable Diffusion 1.5 yana tafiya da 4.

Ajiye zanen farko da fayil mai shimfiɗu na kowane aiki, su ne shaidarka ranar da aka ce na'ura ce ta yi. Idan kuma kana ɗora ayyukanka a intanet, gwada Glaze, manhajar kyauta da masu bincike a Jami'ar Shikago suka fitar a 2023, wadda take sauya fiksel kaɗan don rikita na'urar da ke son kwaikwayon salonka. Ba kariya ce cikakkiya ba, kuma a zane mai launi shimfiɗaɗɗe akan ga tabonta, don haka fara da mafi ƙarancin ƙarfi ka duba sakamakon kafin ka ɗora.