Ƙarfen Kaka da ka gani a hoton biki

Ƙanena, gaisuwa mai yawa. Tambayarka ta ba mutanen gida dariya. Wai ka ga hoton ɗaurin auren ɗan yayanmu, ango da jallabiya da rawani a kan wani baƙin babur kamar daga kabari aka tono shi, shin talauci ne ya kai mu nan, ko ba mu da 'yan gwangwan ne a nan Wad Madani ta Sudan? Muna da su. Sun zo ƙofar gidan nan ya fi a ƙirga, shayi kawai suke sha su tafi.

Da farko dai a nan ba a cewa babur ko mashin, sai mu tsofaffi. Yaranmu "motar" suke cewa, yadda Larabawan Sudan ke kiransa, ita kuma mota mai ƙafa huɗu "arabiyya". Wanda ka gani ɗin BSA M20 ne, ƙirar Birmingham ta Ingila. Kamfanin da bindiga ya fara a 1861, shi ya sa tambarinsa bindigogi uku ne a jingine da juna. A yaƙin duniya na biyu ya ƙera wa sojan Ingila irin wannan babur sama da 120,000, da aka gama yaƙi kuwa aka yi ta gwanjonsu a ƙasashe. Namu ya bi hannu biyu kafin Kaka ya saye shi, bayan kakar audugar 1951 da ta yi daraja.

Sai ka san zamanmu a lokacin kafin ka gane abin da ya saya. Ka san labarin yaƙin Burmi da Turawa a 1903, da yadda Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya jawo jama'a gabas har suka kafa Mayurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Bayansu mahajjata suka yi ta kwararowa a ƙafa, wasu guzuri ya ƙare musu suka zauna. Da aka kammala madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe noman Jazira, mutanenmu ne suka riƙe fartanya da tsinkar auduga, amma akasarinsu ba su da hawasha, wato gonar da hukuma ke rubuta wa mutum da sunansa. Takardar zama ɗan ƙasa ma, jinsiyya, dokar wancan lokaci ta ce sai ka nuna kakanninka suna nan tun kafin 1898. Fallata ake ce mana, ko Takari. To mutumin da ba shi da takardar gona, ba shi da ta ƙasa, sai ga wata takarda mai hatimin hukuma ɗauke da sunansa da na ubansa, tana cewa wannan abu nasa ne. Kaka ya naɗe ta a leda ya ajiye tare da Alƙur'aninsa. Tana nan har yau.

Shi ya sa a gidaje irin namu ba a sayar da abin da tsoho ya hau, ko Basfa ce ko roba-robar Honda ko Jawa mai hayaƙi. In aka zo rabon gado, ana yi masa kuɗi yadda shari'a ta ce, sai magada su yafe rabonsu ko ɗaya ya fanshe, a bar shi hannun wanda ya iya da shi. Amma wanda yake hannunsa ba ya hana aro. Ango zai hau, mai suna zai hau, ranar Salla a zagaya da yara. Ni a hannuna ya faɗo, ba don na fi kowa shekaru ba, sai don ni kaɗai ne yake tasar mini ba ya karya mini ƙafa.

Ba wasa nake ba. Silinda ɗaya ce mai cc 496, nauyin babur ya kusa kilo 170. Akwai wani ɗan hannu da ake jinkirta wutar fulogi da shi kafin a taka kik. Ka manta da shi, kik ya dawo ya maka ka da ƙasa. Giya a ƙafar dama take, birkin baya a hagu, akasin Boxer ɗinku ta 'yan acaɓa. Bayansa kuma ba shi da abin shanye gargada ko ɗaya, ƙarfe ne zalla, sifirin ɗin sirdi kaɗai ke tsakaninka da ramukan hanya. Gudu? Da ƙyar yake leƙa kilomita 90. Amma injin ba ya zaɓen mai, kuma ba ya gaggawar mutuwa.

Gyara shi ne inda muka saba da Turawa masu tara irin waɗannan. Su so suke kowane noti ya zama na asali, fenti ya zama irin na soja. Mu ba mu taɓa samun wannan sukuni ba. BSA ta durƙushe a 1973, baburan Japan sun cinye kasuwa, sannan takunkumin Amurka ya zauna mana daga 1997 zuwa 2017, sayen kaya daga waje ya zama aiki. Sai muka dogara da usɗa, wato babban bakanike, da injin feƙe ƙarfe da ake kira makhraɗa a unguwar masana'antu. Bushi ya cinye, a feƙe wani daga tagulla. Fistin ya yi sako-sako, a nemo na wani inji a daidaita. Notinansa ma ba na milimita ba ne, ma'aunin Whitworth ne na tsohuwar Ingila, sifanar kasuwa sai ta lashe musu kai. Wani yaro ya taɓa ɓata mini guda huɗu a yini ɗaya, tun daga ranar ba na matsawa daga gindin babur in ana aiki. Babban abokin gabarsa ƙura ce. In habub, wato guguwar ƙura, ta taso, ko ka rufe shi da bargo sai ka wanke kafireto. A ganina babur ɗin da ke ɗauke da aikin hannun usɗa uku, uba da ɗa da jika, ya fi wanda aka shafe wa tarihi da sabon fenti, ko da Bature zai rage masa kuɗi.

Ka tambayi yadda ya tsira a yaƙin Sudan. Da abin ya iso Madani a Disambar 2023, masu bindiga sun kwashe motoci da baburan unguwa. Kafin mu fita na cire maganeto, wato abin da ke ba fulogi wuta, da sarƙa da tayar gaba, na tura gangar jikin bayan ɗakin awaki na jibga masa karan dawa. Da muka dawo a 2025 ba ƙofa, ba firji, ba gado, amma yana nan, kaji sun yi ƙwai a ƙarƙashinsa. Maganeton ne ya sha laima a jakata, wutarsa ta yi rauni. A hoton da ka gani ma tura shi aka yi ya tashi.

Yanzu ana ƙera kayansa sababbi a Indiya, sai dai wasu ba su da aminci. In ka shiga kasuwar Kofar Ruwa a Kano, ka tambayar mini tsofaffin 'yan kasuwa ko akwai mai ragowar kayan wuta na kamfanin Lucas, ko sifana mai harafin W a jikinta. Ka ɗauko hoto tukuna kafin ka biya. A gaida Inna da yara.