Wane Fenti Ya Dace da Bangon Majigi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi ƙaramin majigi don mu riƙa kallon ƙwallo da yara a falo, amma kuɗin allonsa ya fi ƙarfina. Ina so in haska a bango. Mai fenti ya ce in shafa fentin mai, wai ya fi haske. Ya kake gani? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, mai fentinka ya san aikin gini, amma nan ya kauce. Fentin mai yana ƙyalli, sai ya mayar da hasken majigin kamar madubi, ka ga wani farin tabo a tsakiyar hoto yana kashe ido, wanda ke zaune a gefe kuwa ya ga dishi-dishi. Fentin ruwa za ka nema, wanda ba ya sheƙi ko kaɗan.

Sai batun kala. Majigi ba ya haska baƙi. Inda duk ka ga baƙi a hoto, bangon ne kawai da haske bai sauka a kansa ba. Shi ya sa farin bango da rana yake sa hoto ya koɗe. Fenti mai ruwan toka-toka yana rage wannan, sai dai yana shanye wani ɓangare na hasken. Ƙananan majigan nan masu araha kuwa haskensu da ma bai taka kara ya karya ba, komai girman lambar da aka buga a kwali. Ni dai da irin naka, fari zan shafa, in sa labule mai kauri a taga. Idan kana tantama, shafa kala biyun a kan guntayen katako, ka jingina su da bango, ka haska a lokacin da kuka saba kallo.

Kafin fenti, gyara bangon. A cike ramuka, a goge da samfefa har ya yi sumul, domin ɗan ƙurji kaɗan sai ya fito a fuskar ɗan wasa. A shafa da rola, ba buroshi ba, sau biyu ko uku, kowane shafi ya bushe tukuna.

Hoto mai inci 100 daga kusurwa zuwa kusurwa faɗinsa kamar santimita 221 ne, tsayinsa 125, don haka lita ɗaya ta isa. Ka fara haska majigin ka zana iyakar hoton da fensir, sannan ka kewaye shi da baƙin fenti mai faɗin yatsu uku.