Amsa ga mai tambaya kan 4-H

'Yar'uwa, kin tambaya ko ki sa yaronki a 4-H, wato shirin koya wa yara noma, kiwo da sauran ayyuka a aikace, tunda kun koma Amurka. Ni dai shawarata, ki sa shi. Shirin ya samo asali ne a jihar Ohio tun 1902, jami'o'in gwamnati na jihohi ne ke kula da shi. Yaro zai zaɓi aikinsa, ko kiwon akuya, ko lambu, ko kwamfuta, wani babba yana duba shi. Da hannunsa zai rubuta abin da ya kashe da abin da ya samu. Abin da ya fi burge ni, yaran ne ke zaɓen shugabansu, su gudanar da taro da kansu. Ki nemi ofishinsu na gundumarku, ki ga mai kula da yaran ido da ido tukuna.