Amsa: Ƙanƙarar Buffalo tana binne gidaje ne?

Ɗan'uwa, ka ce ka samu gurbin karatu a Buffalo ta jihar New York, ka ga an rubuta cewa dusar ƙanƙara tana kai inci 95 a shekara, kana tambaya ko haka take taruwa ta wuce tsayin mutum. Galibi a'a. Wannan adadin jimilla ce: duk zubar da ta yi sai a auna a filin jirgin saman garin, a riƙa haɗawa har hunturu ya ƙare. Tsakanin wannan zuba da waccan, wata ta narke, wata ta danne kanta, motoci kuma sun kwashe ta titi sun watsa gishiri. Mafi yawa da aka taɓa aunawa shi ne inci 199.4, a hunturun 1976 zuwa 1977.

Abin lura shi ne unguwar da za ka kama haya. Iska mai sanyi ce ke bi ta kan tafkin Erie ta ɗebo danshi ta juye shi a wuri guda, galibi kudancin gari. A Nuwamban 2014 wasu garuruwan kudu sun sha kusan ƙafa bakwai cikin 'yan kwanaki, arewa kuwa kaɗan ta gani. Ni da nake zaune ta arewa, sau da yawa ina hango baƙin hadarin can kamar katanga alhali rana na haska ƙofata. Kafin ka sa hannu a takardar haya, tambayi mai gidan wa ke share ƙofar gida, kuma ka sayi shebur tun Oktoba.